Kawu Ya Ƙi Tsallake Dikwa

Daren Laraba, Sha'aban, 1998

Ƙafafuna ciwo suke, amma sai na rubuta wannan kafin in kwanta.

Yau na raka Kawu Ɗanladi shagon Mahamat mai kaset, bayan babbar kasuwar Grand Marché. Shekara talatin yana kaɗa gurmi a bukukuwan unguwarmu ta Bololo da waƙoƙin da ya ƙaga da kansa, sai yau aka fara ɗaukar muryarsa. Ya zaɓi waƙar kakanninmu, wadda ke lissafa kowane zango da suka yada daga Kano a hanyar Makka, har suka tsaya a garin nan, ba su ƙarasa ba.

Waƙar ta fi fuska ɗaya ta kaset tsawo. Mahamat ya ce, "Baba, ka cire gari biyu mana. Wa zai lura?"

Ni ma na goyi bayansa, don na gaji da zafin shagon. Yanzu kunya nake ji.

Kawu ya ɗora gurmin a cinya, bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, a Dikwa kakata ta binne ɗanta na fari. Ban san inda kabarin yake ba, a waƙar nan kaɗai yake da wuri. Su da suka taho da ƙafa ba su tsallake gari ba, ni da nake zaune zan tsallake?"

Mahamat ya juya kaset ɗin, aka ci gaba.

Tun ina yarinya nake jin baitin Dikwa, har rawa na taka da shi. Ban taɓa tambayar wa ke ciki ba.