Ranar da Zulfa Ta Danna Ita Kaɗai

Litinin, 6 ga Mayu
Oga ya kira ni ofishinsa. Zaman koyon aikin Zulfa ya kusa ƙarewa. Talata ta sama za a sabunta manhaja a duk sabobin da muke kula da su, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanai, na shagunan magani da na 'yan kasuwa, kuma ita kaɗai za ta yi. In ta iya, ya ɗauke ta aiki. In ba ta iya ba, shi ke nan. Ya ce duk sanda ya wuce hannuna yake gani a kan kibod ɗinta, har ya rasa wa zai ɗauka, ni ko ita. Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Laraba, 8 ga Mayu
Mun sake bitar abin daga farko. Umarni ɗaya ne ake rubuta wa kwamfuta, amma sabobi da yawa zai shiga lokaci guda, kuma ba ya tambaya. Duk sunan da ya tarar a jerin sabobin, zai faɗa masa. Saboda haka aikin duka a tacewa yake. A ware su unguwa-unguwa: na Bodija, na Shasha, na Ojoo. A cire waɗanda mutane ke aiki da su a lokacin. A fito da abin da ya rage a allo, a karanta da ido. Sannan a tura kaɗan-kaɗan, ba gaba ɗaya ba.
Ta ce, “Malam, wallahi na sani.” Na ce to nuna min. Ta fara rubutawa, ta ɗan tsaya tunani. Sai da layin ya ƙare na lura ni na ƙarasa shi.

Juma'a, 10 ga Mayu
Bayan masallaci na haɗu da babanta, Alhaji Iliyasu mai goro. Ya riƙe hannuna bai saki ba. “Yaya 'yar taka?” Ashe ya gama gaya wa duk unguwar Sabo cewa ta samu aiki. Na ce tana ƙoƙari.

Asabar, 11 ga Mayu
Ruwa tun safe. Na rubuta mata matakan a waya, na goge.

Talata, 14 ga Mayu
Na tsaya a bayanta. Ta tace jerin, ta fito da shi a allo. Nan take na gani: ba ta cire na Shasha ba. Da safe ake sauke albasa a can, kuma da waɗannan sabobin ake buga wa mutane rasit. Sai yamma ake taɓa su.
Oga na jingine a bakin ƙofa. In na yi magana, ta faɗi. In na yi shiru, Shasha ta tsaya. Bakina har ya buɗe.
Na fita. Na zauna wajen mai shayi, na sa a haɗa min, ban sha ba. Mai shayin ya ce, “Malam, yau ko an kore ka ne?”
Sauran daga bakin Nura na ji, wanda tebur ɗinsa ke kusa da nata. Da yake kaɗan-kaɗan take turawa, sabobi biyu ne kawai suka ɗauke a Shasha kafin waya ta fara kuka. Wata mai shago ce, tana zazzaga faɗa da Yarbanci, layi ya taru mata. Zulfa ta tsayar da umarnin, ta cire rukunin Shasha, ta tayar da biyun nan, tana ba matar haƙuri da Yarbanci, waya maƙale a kafaɗa. Nura ya ce ko sau ɗaya ba ta waiga kujerata ba. Na Shasha ta yi su bayan la'asar.

Laraba, 15 ga Mayu
Oga ya ɗauke ta aiki. Ya ce min, “Ta ɓata, ta gyara, ba ta neme ka ba.”
Na tambaye ta me ya hana ta kira ni. Ta ce, “Malam, da na kira, ai kai za ka gyara.” Sannan ta tambaya ko na ga kuskuren kafin in fita. Na ce na gani. Ta daɗe tana kallona, ta koma aikinta. Ban san ko godiya ce ko fushi ba.

Litinin, 20 ga Mayu
Yau ta ware sabobin Ojoo ta wata hanyar da ba ni na koya mata ba. Ta fi tawa tsawo, ina jin. Ban tsaya na ga ƙarshenta ba. Na mayar da tebur ɗina bakin taga. Iska ta fi shigowa ta can.