Kunnen da Inna Ta Ja

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya Inna da ƙafarta? Yaya maigidanki, har yanzu yana wannan minsharin da ke korar kaji?

Yaya, albishirinki! Na samu aiki wajen wani mai gyaran famfo, kuma aikin sauraro ne zalla. Idan bututu ya tsage a ƙarƙashin ƙasa, sai mu ɗora sandar ƙarfe a kansa, mu kara kunne a ɗaya bakin. Lafiyayyen bututu gurnani yake a hankali, mai yoyo kuwa tsaki yake kamar tsohuwar da aka taka wa tabarma. Maigida yana da wata na'ura mai lambobi, ni dai ba sa gaya mini komai.

To amma kin san hali zanen dutse. Shekaranjiya abokin aikina Dogo yana sauraro, sai na zagaya bayan katanga na dinga tsaki a bakin wani buɗaɗɗen bututu. Bawan Allah ya haƙa rami har ƙugu, ƙasa a bushe ƙamas! Dariya ta tona ni. Maigida ya ce saura ƙiris, idan na ƙara ɗaya sai in kama hanyar gida. Wallahi ina son aikin nan. Kada ki gaya wa Inna.

Ƙanenki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Ki zauna tukuna kafin ki karanta wannan!

Jiya aka kira mu gidan burodi. Sabon tayil aka shimfiɗa, ga ruwa yana tsattsafowa ta gindin bango. Injin kwaɓa fulawa yana ruri, janareto yana nasa, ma'aikata suna ihu. Na'urar maigida ta nuna bakin ƙofa, Dogo har ya ɗaga guduma. Matar da ke da gidan ta dafe kai, don rabin ɗakin za a farfasa.

Kin tuna yadda Malam yake tsinto wanda ya tsallake aya, alhali mu arba'in muna karatu da ƙarfi lokaci ɗaya? Haka na yi. Na runtse ido, na ajiye injin gefe, na ajiye janareto, sai ga wani siririn tsaki can kusa da wurin wanke tire, taku tara daga ƙofa.

Na faɗa. Dogo ya ce ko da Alƙur'ani a kaina ba zai yarda ba. Maigida ya kara kunne ya ji, amma ya zuba mini ido, wai ya san bakin da ke wannan kukan. Zato yake ni ne ke tsakin, Yaya. Ranar da na yi gaskiya, ranar na rasa mai saye.

Sai na ce a ɗaure mini baki. Dogo bai jira an maimaita ba, ya naɗe ni da tsumman goge tire, ya riƙe hannuwana ta baya, yana murmushin mugunta. Maigida ya sake saurare: tsaki yana nan. Ya sa aka rufe ruwan daga waje, tsaki ya mutu. Aka buɗe, ya dawo!

Tayil ɗaya tak aka ɗaga. Tsagar ba ta kai farce ba, amma ruwan ya yi tsartuwa sai fuskar Dogo. Ni ga dariya, ga baki a ɗaure, har hawaye. Matar ta rangaɗa guɗa, ta cika mana leda da burodi mai zafi.

Maigida ya ba ni sandar, ya ce daga yau tawa ce. Tsumman kuma ya ninke shi ya sa a akwatin kayan aiki, wai shi ne ƙarfen da ya fi amfani a wurin.

Yanzu kina iya gaya wa Inna komai. Ki ce mata kunnen nan da ta yi shekaru tana ja bai tafi a banza ba, ashe tsawo take ƙara masa.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Auta Mai Sanda