Maɓallin Masu Uzuri

Yamai, ranar Lahadi

Zuwa ga Yayana Hamidu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, ka yi haƙuri da shiruna, aikin biro, wato ofis, ne ya sha min kai. Wani asibiti ya ba mu aikin rubuta manhajar da za ta riƙa kiran masu ba da jini a salula idan buƙata ta taso. An haɗa ni da Abdulhakim, wanda ya yi karatu da aiki a Faransa shekaru da yawa. Wallahi gwani ne, abin da zan kwana biyu ina rubutawa shi kafin azahar ya gama. Amma taurin kansa zai sa min hawan jini.

Ya tsara cewa in murya ta kira mutum, ya danna ɗaya in zai zo, biyu in ba zai zo ba. Na ce masa a ƙasar nan wa zai ji an ce mara lafiya na neman jini ya danna a'a? Ko na'ura ce kunyarta zai ji. Na roƙe shi mu ƙara maɓalli na uku, na mai son zuwa amma uzuri ya tare shi, don asibiti su san wa za su jira. Ya ce ordinater, wato kwamfuta, e da a'a kawai ta sani. Na ce ai ba ordinater ce za ta ba da jinin ba. Sai ya juya zancen zuwa Faransanci, ya ce ina cusa al'ada cikin lissafi. Ni da na koyi aikin nan ina gyara wa 'yan Babbar Kasuwa na'urorinsu, shi zai gaya min yadda mutane ke amsa tambaya!

Ka gaida Inna da yara.

Ƙanwarka,
Anisa

Yamai, ranar Alhamis

Yaya Hamidu,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya.

Abin da nake tsoro ya faru. Asibitin ya fara aiki da manhajar da maɓalli biyu kawai, yadda Abdulhakim ya tsara. Shekaranjiya wata mai haihuwa ta zubar da jini, kuma irin jininta yana da wuyar samu. Manhajarmu ta kira mutane, kusan kowa ya danna ɗaya. Ganin haka asibiti suka daina neman wasu, suka zauna jira. Har la'asar mutum ɗaya ne ya zo.

Likita ta kira ni tana faɗa. Na buɗe sunayen waɗanda suka amsa don in bi su da kaina, sai ga sunan Abdulhakim! Ashe irin jininsa ne, ya yi rajista tun lokacin gwaji. Kiran ya same shi a tsakiyar taro, ya ji nauyin danna biyu a gaban mutane, alhali tsoron allura yake kamar ƙaramin yaro.

Na juya masa allon ya gani. Ya ɗauki makullin motarsa, muka bar unguwar Plateau inda bironmu yake, muka nufi asibitin. Ya ba da jinin, ya suma a kan gado. Matar ta rayu, alhamdu lillahi, ita da jaririyarta.

Kada ka ɗauka na huta. Jiya ya rubuta maɓalli na uku da kansa. Yau kuma ya zo da sabon tsari mai maɓalli tara: na mai zaman makoki, na mai bikin suna, na matafiyi, na wadda maigida bai dawo ba, har da na mai tsoron allura. Na ce kafin murya ta gama jero su mara lafiya ya cika. Ya dube ni, ya ce matsalata ita ce ban fahimci mutanenmu ba.

Yaya, ka sa Inna ta yi min addu'ar haƙuri.

Ƙanwarka,
Anisa