Na Wanke Masa Ƙoƙon Kakansa

Khala Bashira, don Allah ki taimake ni, yau kwana uku ko littattafan soyayyata na kasa buɗewa.

Shekarata goma sha shida, muna zaune a unguwar Kurayyat a nan Jidda. Baba direba ne a unguwar Abhur, yana tuƙa wani ɗan ƙwallo ɗan ƙasar Uruguay, Agustin, mai buga tsakiya. Shekararsa goma sha tara kacal! A ƙaramin kulob na garinsu ya fara, ya koma Montevideo babban birninsu, bana wani kulob na nan Jidda ya saye shi. Wata uku yana zaman benci. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba, sai a waya, amma wallahi in ya karɓi ƙwallo ya ɗaga kai, numfashina tsayawa yake.

To, yana da wani ƙoƙo da yake shan shayinsu mai ɗaci a ciki. Ran Laraba ya manta shi a mota, Baba ya shigo da shi gida. Na leƙa, cikinsa baƙi ƙirin! Tausayi ya kama ni, yaro ba uwa ba ƙanwa a kusa. Na dirje shi da sabulu, na kifa shi kan turaren wuta yadda Mama ke yi wa tulun ruwa, na mayar jakarsa ban gaya wa kowa ba. Ashe na kakansa ne, kuma a wajensu sabulu ba ya taɓa irin ƙoƙon nan, baƙin nan shi ne ɗanɗanon. Baba ya ce a hanyarsu ta filin wasa yaron yana kurɓa ya yamutsa fuska.

Khala, ran nan aka sako shi karon farko, kuma shi ya ba da ƙwallon da aka ci! Na yi tsalle har na kifar da shayin Mama. Yanzu kullum yana tambayar Baba wa ya taɓa ƙoƙon. Baba na ta rantsuwa ba a gidansa ba ne, yana tsoron zancen ya kai ga kafili, uban gidan da ya tsaya masa, ga iƙamarsa ta zama a ƙasar ta kusa ƙarewa. Ni kuwa na rubuta wa Agustin wasiƙa shafi huɗu. In saka ta a mota?

Mai Turare, Kurayyat

'Yata, kin ba ni dariya, kuma niyyarki mai kyau ce. Amma ƙwallon nan ƙafarsa ce da wahalar shekaru suka ba da ita. Tambayar tasa, ba mu sani ba ko ta fushi ce ko ta godiya. Abin da muka sani, mahaifinki na rantsuwa kan abin da bai sani ba, aikinsa kuma na rawa. Wasiƙa a mota, duk wanda ya tsince ta, Baba za a tuhuma. Ki bar ta a akwatinki.

Yau ɗin nan, in ya gama cin abinci, ki faɗa masa gaskiya, Mama na kusa. Zai yi faɗa, ki daure. Shi zai ba yaron haƙuri, halas, shi ke nan. Kallon ƙwallo kuwa ba laifi ba ne, ki sha kallonki.

Allah ya tsare wa Baba aikinsa, ke kuma ya ba ki ƙarfin buɗe baki.