Tsamiyar Bayan Mango

Dapango, Laraba da dare, 12 ga Rajab, 1357

Yau na iso da kamiyo, babbar motar kaya, daga Sokode, karon farko da na tuƙa da kaina, Baba na gefena. Hanyar da ya shekara talatin yana bi da jakuna, mun cinye ta a kwana biyu.

Bayan garin Mango, Baba ya taɓa hannuna ya ce, "Sule, tsaya a tsamiyar can." Nan aka binne ƙanensa Isa, kuma ayarinmu bai taɓa wuce ta ba sai an yi fatiha. Na san haka tun ina yaro. Amma wurin laka ce har gwiwa, kuma Kwami da ya koya mini tuƙi ya sha ja mini kunne: kada ka tsaya cikin laka ko uwarka ce ta kira ka. Na ƙara wuta, na wuce.

Baba ya waiwaya, ya ɗaga hannuwa, mota na jijjiga shi, ya karanta fatihar shi kaɗai.

Wallahi da zagina ya yi, da na samu barci. Sai da muka sauke goro ya ce, a hankali, "Su jakuna ba sai an ce musu su tsaya ba. Sun san wurin."