Wanda Aka Ci Ya Miƙa

Nima, kwana uku bayan ƙaramar Sallah

Ƙanena Jalilu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya sanyin Kanada? Da hannu na rubuta, zan ɗauki hoto in tura maka, don na san saƙon murya kana sa shi da gudu ne.

Gem ɗin tseren babur na kamfaninku ya iso ta hannun Ganiyu, ɗan unguwarmu da ya zo hutu daga wajenku. Kafin ya iso kuwa, daga nan unguwarmu Nima har Kotobabi babu wanda ban gaya wa ba cewa sunan ƙanena yana ciki. Na ce da wannan gem za mu yi gasar Sallah a shagon wasan gem na Baba, Allah Ya jiƙansa.

Na sa faifai, sai ya ce in sauke ragowarsa daga intanet. Kwana biyu ina saukewa, wuta na zuwa tana komawa. Da ya buɗe, kyau ba a magana, har ƙurar taya kana gani. Sai na jona fad na biyu, abin riƙewa na abokin wasa. Shiru. Ashe ba a raba allo biyu, mutum ɗaya kawai yake yi.

Benci cike, Jalilu! Abdulai makanike, wanda ya rufe garejinsa a Abossey Okai don gasar nan, ya ce, "Haba cale, Sista Adiza, wannan gem ne ko sinima? Mu zauna muna duba mutum ɗaya?" Aka yi ta dariya, kowa ya ciro wayarsa ya watse. Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kallon kitse muka yi wa rogo. Me ya sami masu yin gem ne? Na da, ka sa faifai ka fara. Na yanzu, danye ake kawo maka a ce ka ƙarasa dafawa a gida. In benci ya mutu, shago ya mutu, ka sani.

Yayarka,
Adiza

Montiriyal

Zuwa ga Yaya Adiza,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da barka da Sallah, na karanta takardarki sau uku.

Ba zan ce gem sun lalace duka ba, akwai masu kyau fiye da na zamaninmu. Amma gaskiya ne ana fitar da su da gaggawa, a riƙa gyara daga baya.

Akwai abin da ya kamata ki ji daga bakina. Da farko tseren mutum biyu yana ciki. Lokaci ya ƙure, aka ce sai an cire wani abu. Ƙididdiga ta nuna mana cewa cikin mutum ɗari, biyu ne kawai suke raba allo. Ni ne shugaban sashen, ni na sa hannu aka cire. Ban yi tunanin benci ba, wallahi.

Ki gafarce ni. Amma ƙididdiga ba ta ƙarya, Yaya.

Ƙanenki mai biyayya,
Jalilu

Nima

Jalilu,

Ina gaishe ka, duk da raina a ɓace yake.

Ƙididdiga ba ta ƙarya? To gaya mini, ta ina take ganinmu? Injinan shagon nan shekara da shekaru ba su san intanet ba, sai ranar da gem ɗinka ya tilasta mini. Haka na shagunan Maamobi, haka na Zongo Lane. Inji ɗaya, mutum arba'in a wuni, ku kuma kun ƙirga mu sifili.

Ganiyu zai koma ranar Laraba. Na ba shi shito, miyar barkonon nan tamu, da yaji, da kuma baƙin fad ɗin nan na farko da Baba ya saya. Ka duba maɓallansa, yatsu sun cinye rubutun kaf. Ka tuna dokar Baba: wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya miƙa wa na gaba fad da hannu biyu, ko da ya girme shi. A kan wannan bencin ɗan Dagomba da ɗan Zabarma da ɗan Kotokoli suka koyi haƙuri da juna. Kai ma a nan ka koyi faɗuwa ba kuka, don ni na koya maka, sau da yawa.

Ka kai wa manyanku su ƙirga wannan. In ba za ka iya ba, ka rataye shi a ɗakinka ya riƙa kallonka.

Allah Ya yi maka jagora.
Adiza

Montiriyal, farkon azumi

Yaya Adiza,

Gaisuwa da barka da shan ruwa. Ki yi haƙuri da shiruna na watanni, ban so in rubuto hannu banza.

Na ajiye fad ɗin Baba a tsakiyar teburin taro. Na ba su labarin benci. Wata ta ɗauka tana juyawa, ta tambaye ni mutum nawa suka taɓa shi. Na ce ban sani ba, kuma kwamfutarmu ma ba ta sani ba, matsalar ke nan.

Babban manaja ya ce ana jirana a kan sabon gem da na daɗe ina nema. Ko in je can in shugabanta, ko in tsaya ina facin tsohon, amma ba duka biyu ba. Na yi kwana uku ina juyawa. Na tsaya. An ba wani kujerar, kuma ba zan ɓoye miki ba, ya yi mini ciwo.

Mu uku muka yi aikin. Gyaran ƙarami ne, ki sauke shi sau ɗaya, daga nan ba ruwanki da intanet. Allo zai rabu biyu. Ana rubuta sunan mutum har goma sha biyu a layi, wanda ya ci ya zauna. Sun so su sa masa wani suna na Turanci, na ce a'a. Ki duba da kanki.

A gaishe da Abdulai, a ce masa ya shirya.

Naki,
Jalilu

Nima, yammacin Sallah

Ɗan Baba,

Barka da Sallah. Na gani. BENCI, ɓaro-ɓaro a allo, a gem ɗin da duk duniya ke yi. Na fita ƙofar shago na rangaɗa guɗa har mai wake da shinkafa ta taso a guje.

Yau sai da muka aro benci biyu daga masallaci. Kujerar da ka rasa ba ta kai waɗannan ba, kuma ban taɓa alfahari da kai kamar yau ba.

Ni na buɗe gasa da Abdulai. Ya wuce ni a kwanar ƙarshe, ja'iri. Na miƙa, da hannu biyu.

Sunanka ne na goma sha biyu a layi. Ba zan goge ba sai ka zo.

Allah Ya yi maka albarka.
Yayarka,
Adiza