Gilasan Tafkin Chadi

Boso, 3 ga Maris, 1941

Zuwa ga Yaya Abdulsalami, Bulabulin, Yerwa.

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Yaya, ina cikin tashin hankali. Na biyo shanun Kuri ina ɗaukar hotonsu suna iyo tsakanin tsibirai, ban ankara ba ashe na tsallaka iyaka na shiga ƙasar da Faransa ke mulka. Sojoji sun tsare ni, wai Ingilishi ne suka turo ni leƙen barikinsu, ga shi ana yaƙi.

Gilasan da na ɗauki hotunan a kansu suna cikin baƙin akwatin da na aiko gida ta hannun Babakura mai banda. Kwamanda ya ce zai wanke su da kansa a ɗakin duhu. In ruwa da shanu ya gani, ya sake ni. In ba haka ba, kurkukun Damagaram. Kwana ashirin ya ba ni. Don Allah ka maido akwatin da sauri.

A gaida matata Zaratu.

Ƙaninka, Yunus.

Yerwa, 11 ga Maris

Yunus,

Bayan gaisuwa. Kai dai ba ka ji! Mutane na ɗaukar hoton angwaye a gari suna samun na abinci, kai sai ruwa da ciyawa. Wa ya taɓa sayen hoton saniya? Zaratu ta daina cin abinci, ni ma tsoro ya hana ni zama.

Amma ni ba sakarai ba ne da zan miƙa wa Nasara abin da ban duba ba. In bariki ya fito a ciki fa? Na fitar da akwatin tsakar gida da hantsi, na ɗaga gilasan ɗaya bayan ɗaya a rana, duka goma sha biyu. Albishirinka! Wallahi babu bariki, babu soja, babu komai, fari fat. Na shirya su yadda suke, Babakura ya taso da su. Kwantar da hankalinka.

Allah ya dawo mana da kai.

Yayanka, Abdulsalami.

Boso, 22 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Akwati ya iso. Kwamanda ya wanke su a gabana, duka sun fito baƙi ƙirin. Gilashin da ba a wanke ba, da ya ga haske hoton ya mutu. Ya ce da gangan mutanena suka goge shaida.

Ban riƙe ka ba, ni ne ban rubuta maka kada ka buɗe ba. Gobe za a wuce da ni Damagaram. Kada Zaratu ta san yadda aka yi, don a gidanka za ta zauna.

Ka huta lafiya.

Yunus.